Yadda Fankata Ta Kusa Cinye Aikin Inna Tumba

Ko zan manta komai a rayuwa, ba zan taɓa manta watan zafin da na yi ina kula da kwamfutoci a wata cibiyar koyon jarrabawa a Gwadangaji ba. Lokacin ji nake duk Birnin Kebbi babu wanda ya san waya da kwamfuta kamar ni. (Har gilashi nake sakawa, alhali idona garau.)

Tsarin wurin ni na haɗa shi da hannuna. Akwai uwar kwamfutoci a ofishina, ita ke riƙe da tambayoyin da ɗalibai ke gwaji da su. Waya ɗaya ta tafi babban aji, ɗaya ta tafi ɗakin baya. Da yake ramin waya ɗaya ne a jikinta, sai na sayo ɗan adafta na USB mai ba da rami na biyu na maƙala, na haɗe biyun a cikin na'urar da abin da muke kira gada, don su zama hanya ɗaya. Na yi ta yi wa Alhaji Manu, mai cibiyar, bayani da Turanci har ya gaji ya ce Allah ya yi albarka.

Sai matsala ta kunno kai. Kullum bayan azahar, ɗalibai na tsakiyar gwaji, sai komai ya tsaya cak. Ihu ya tashi. Ni kuwa in zabura, in mayar da duk abin da ke kan tebur mazauninsa, in kashe in kunna, sai aiki ya dawo. Ɗalibai har tafi suke min, ni kuma ina ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Da abin ya kai mako biyu, Alhaji ya ce lallai a nemo dalili. Ban ko yi tunani ba na ce tsintsiya ce. Inna Tumba, wata dattijuwa 'yar Augie da ke mana shara, daidai lokacin take sharar baranda, inda wayoyi suka bi. Ta rantse ba ta taɓa komai ba. Alhaji ya ce idan aka sake, ta nemi wani wurin, ga ta da jikoki uku a gabanta. Na ji ba daɗi, amma ban janye maganata ba.

Ranar Alhamis Alhaji ya ɗauko Injiniya Sadiya daga Argungu, wadda muka yi makaranta tare (kuma na sha gaya wa mutane ni nake koya mata karatu). Ta zauna tana duba bayanan da na'urar ke ajiyewa, Alhaji na tsaye, Inna na bakin ƙofa da tsintsiyarta.

Sadiya ta ce, "Kowane kati, wato wurin da ake soka waya, yana da lambarsa tun daga kamfani. Gadar nan taka ba ka ba ta lamba tsayayya ba, aron ta adaftan nan take yi. Da an zare shi sai ta koma ta ɗaya katin, rauta mai raba wa kwamfutoci adireshi ta ɗauke ta baƙuwa ta ba ta sabo, kwamfutocin aji kuma su yi ta neman tsohon. Wa ke zare shi kullum ƙarfe biyu da 'yan mintuna?"

Na gyara gilashi na ce, "Ai shi ne nake cewa shara..."

Inna Tumba ta katse ni. "Ɗiyana, ni ban san boko ba, amma ina da ido. In kad dawo masallaci kana zuhwa, ba kai ka cire wanga ɗan baƙin abu ba, ka sa hwankarka?"

Duk muka juya. Ga ta nan kan tebur, 'yar fankata ta USB, shuɗiya, wayarta a miƙe kusa da ramin. Wallahi sai lokacin abin ya faɗo min. Ɗakin baya ba kowa da rana, don haka nake ganin adaftan zaman banza yake, in zare shi in sha iska. In ihu ya tashi in mayar da shi cikin ruɗu, in karɓi tafi.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Sadiya ta danne dariya har da tari, sannan ta rubuta layi ɗaya ta kafe wa gadar lamba. Ta zare adaftan a gabanmu, babban aji ko gezau.

Alhaji ya ce, "To malam, wa za mu kora ke nan?"

Na durƙusa gaban Inna na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, ta ƙara da cewa, "Alhaji, bar shi. Zahi na, ba mugunta ba. Sai dai a saya mai babbar hwanka."

Aka saya kuwa. Tun daga ranar, in abu ya lalace, hannuna nake fara tuhuma kafin in kalli na wani. Har yau kuma in na haɗu da Inna a kasuwa, daga nesa take ɗaga murya: "Injiniya, ya zahi?"