Yadda Za Ka Ƙara wa Motarka Ƙugu Kafin Ranar Ɗaurin Aure

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci, cikin sati biyu ba wanda zai sake duban motarka a Talata Mafara ya kira ta ƙarama. Ni na gwada a kan tawa, kuma har yau mutanen Bakura ba su daina zancen ba.

Darasin na masu motar gayun nan ne mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta rana ta yi ta gasa ka kana murmushi. Masu ƙera ta sun yi ta iri biyu: mai fulogi huɗu da mai fulogi shida. Ta gaba kamar tagwaye suke. Ta baya asiri ke tonuwa, don ƙugun mai shida ya fi faɗi da kamar yatsu uku. Tawa mai huɗu ce. Taka ma haka, in ba don haka ba da ba ka kawo nan da karatu ba.

Mataki na ɗaya: Samo abin da zai tunzura ka

Mai hankali ba ya taɓa ƙugun mota haka kawai. Ni abin da ya tunzura ni Fa'iz ne, abokina tun aji ɗaya na firamare. Aka sa ranar aurensa da Khairiyya, 'yar Bakura. Kowa ya san babban aboki shi ke ɗaukar ango, kuma ni ne babban aboki. Kwatsam sai ga Abdulmalik, wanda ya san Fa'iz bara a wurin sayen taki, ya sauko da irin tawa daga Kwatano, amma mai shida. Ya faka ta gefen tawa a majalisa, ya zagaya baya yana nuna wa mutane bambancin da yatsunsa.

Fa'iz ya yi dariya ya ce, "To ku daina gardama. Wadda tah hi hwaɗi, ita za ni shiga."

Da wasa ya faɗa. Kai kada ka ɗauke shi wasa, don in ka fara fahimtar wasa aikin ya lalace.

Mataki na biyu: Musanta

Ka ce taka ma mai shida ce, ido ne ke yaudararsu saboda baƙin fenti na rage jiki. In suka ce a buɗe gaba a ƙirga fulogi, ka ce wayar buɗewa ta tsinke. In suka matsa, ka dubi sama ka ce la'asar na neman wucewa. Sannan ka sa ranar awo da bakinka, Juma'ar sama, ka ce a kira Ishaq tela da tef ɗinsa.

Mataki na uku: Fitar da ita daga gari

Kada ka kai wa mai gyaran jikin mota na Mafara, kafin walda ta huce labari ya kai tasha. Ni Maradun na kai, wurin wani Gajere. Muka gaisa, ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya fama da jama'a, sannan ya zagaya motar sau biyu.

"Alhaji, ina tab bugu?"

"Ba ta bugu ba."

"To mi za a gyara?"

"Ƙugu za ka ƙara mata. Yatsu biyar."

Uku na kamo Abdulmalik ne, biyu na wuce shi. Wannan lissafin nawa ne, kuma ina alfahari da shi. Gajere ya ce, "Alhaji, ka san dai ƙugu ba ya ƙara ma inji ƙarhi ko?" Irin wannan maganar kada ka saurare ta. Ma'aikaci aikinsa guduma, hangen nesa na mai mota ne. Ya yanko ƙarfen tsohuwar ganga ya liƙa, ya lafta ƙullun nan da ake cike lotsa da shi, ya goge, ya fesa fenti.

Mataki na huɗu: Gyara murya

Za ka ga tayoyin baya sun shige can ciki kamar ƙafafun ramamme a cikin buje. Ba komai, ba mai sunkuyawa. Abin da za ka kula da shi ƙara ne. Sa a huda salansa wuri biyu. Gudu ba zai ƙaru ba, amma tun daga nesa awaki za su ba ka hanya.

Mataki na biyar: Ci gasar awo

Ishaq ya ja tef a bayan ta Abdulmalik, ya riƙe wurin da farce. Ya zo bayan tawa ya ja, ya sake ja, ya cire tabarau ya goge.

"Ikon Allah! Motagga mi taka ci? Ta yi ƙiba."

Majalisa ta kaure da shewa. Ba zan ɓoye maka ba, tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har mai shayi na rungume.

Mataki na shida: Kada ka auna lungu

Gidan Malam Hashimu, mahaifin amarya, a ƙarshen wani lungu yake, kuma akwai wurin da ya tsuke tsakanin katangarsa da turken wutar lantarki. Na bi wurin ya fi sau ashirin ina kai Fa'iz zance, in naɗe madubi in wuce sumul. Wanda ya san hanya haka ba ya buƙatar tef.

Ranar ɗaurin aure na shiga da ango a gefena, shaddarsa fara fat, hula ta zauna, turare na tashi. Gaba ya wuce kamar kullum. Sai muka ji ƙurrr, sannan ƙas, muka tsaya cik. Idan haka ta same ka, taka mai. Na taka. Fulogi huɗu suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka ƙara cusa mu ciki da taki guda, yadda ƙofata ta manne da turke, ta ango ta manne da katanga.

"Wai mi kay yi wa motagga?" in ji Fa'iz.

Na ce masa lungun ne ya rame.

Mataki na bakwai: Fitar da ango ta sama

A nan za ka gode wa Allah da motar ba ta da rufi. Ango ya taka kujera, ya haura gilashi, ya rarrafo ta kan bonet, abin goge gilashi ya kama babbar rigarsa ya tsarge ta tun daga aljihu har ƙasa. Yana durƙushe a wurin muka jiyo sanƙira daga ƙofar gida yana shelar an shafa fatiha, aure ya ɗauru. Ka san ba a jiran ango, waliyyai sun isa.

Abdulmalik kuwa, da yake ya san tasa mai faɗi ce, tun a bakin titi ya ajiye ta ya zaga ta baya da ƙafa. Shi ya miƙa wa Fa'iz hannu ya sauko da shi, ya tuɓe tasa rigar ya sa masa, ya ja shi cikin jama'a ana ta yi musu barka. Ni na zauna a mota har azahar, kafin wani maƙeri ya zo da guduma. Ƙugun ya fita a buhu biyu, tare da wani yanki na katangar Malam Hashimu.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko katanga, ko shadda, ko zumunci. Alkawarin da na yi na faɗi ne, kuma tef ɗin Ishaq shaida ne na cika shi. In abokinka ya koma amsa gaisuwarka da ɗaga hannu daga nesa, wannan tsakaninku ne, kada ka neme ni. Ni ma ina da abin da ya dame ni. Satin da ya wuce Khairiyya ta haifi namiji, a bakin mai shayi na ji. Ba a aiko mini da goron suna ba, kuma yaron an sa masa Abdulmalik.