Ranar da Nomau Ya Rina 'Yan Tsaki

Mu biyu muka rage a gidanmu, ni Kande da ƙanena Nomau. Mijina ya rasu, Innarmu ma ta rasu bara da damina. Ta bar mini Nomau, shi kuma ta bar masa kaza guda mai wake-wake. Nomau ya haura talatin, ga ƙarfi ga tausayi, amma duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Inna takan auna magana kafin ta ba shi. Ni kuwa bakina ya fi hankalina sauri, abin da nake nadama ke nan har yau.

Wata rana kazar ta fito da 'yan tsakinta tara, sai bakin langalangar akurki ya yanki ɗaya a wuya. Da 'yan'uwansa suka ga jan jini sai suka yi masa caa, kowa na caccakar wurin. Nomau ne ya kafa langalangar a karkace, don haka raina ya ɓaci. Na ce, "In ɗan tsakon nan ya mutu, ka tattara kayanka ka koma gidan Kawu, na gaji! Ɗauke shi ka kai shi nesa da su." Ni abin da nake nufi ya sa shi a kwando a zaure. Ban sake ganin Nomau ba sai la'asar, ƙafafunsa duk taɓo. Na ce, "Ina ka shiga?" Ya ce, "Nesa, Yaya. Na haye rafi, sai da na daina hango rufin gidanmu na zauna." Ɗan tsakon ya dawo baki buɗe don ƙishi, sai da yatsa na riƙa ɗiga masa ruwa.

Wata rana Inna Delu, tsohuwar maƙwabciyarmu da ta san kaji kamar 'ya'yanta, ta duba ciwon. Ta ce, "Nomau ɗana, kada ka bari ya ji sanyi. Ka riƙa ɗumama shi a jikinka." Ranar kuwa ana gayya a gonar mai unguwa. Nomau ya sa ɗan tsakon a kansa, ya kifa hula, ya tafi. Kowa ya duƙa da fartanya, shi yana tsaye ƙiƙam kamar turke. Mai unguwa ya ce, "Kai Nomau, lafiya?" Ya ce, "In na duƙa zai faɗo, ranka ya daɗe." Sai hular ta yi tsiyau-tsiyau, kashin tsako ya gangaro masa ta goshi. Maza suka zube cikin kunyoyin gona suna dariya. Da labarin ya iso mini, maimakon in tausaya masa sai na ce ya zubar mini da mutunci a gari.

Wata rana zan tafi rijiya, na shanya dawa a tabarma, ga kwandon ɗan tsakon a gefe. Na ce, "Kada ka ɗauke idonka daga kansa." Na dawo na tarar akuyar maƙwabta ta kusa share tabarmar, Nomau na tsugune, ya tsura wa kwandon ido har hawaye na zuba. Na ce, "Ba ka ga akuya ba?" Ya ce, "Na ji ta tana ci, Yaya, amma ban duba ba." Wayyo, muciya na ɗauka na kwaɗa masa a baya, gaban matan unguwa, na kira shi wawa har sau uku. Bai kare kansa ba. Kwandon ya rungume don kada muciyar ta same shi. Allah Ya yafe mini wannan.

Ciwon ya fara bushewa, amma ɗan tsakon ya daina cin tsaki. Ya takure, sai kukan uwarsa yake. Nomau ma ya rage cin tuwo, ni kuwa na ɗauka fushin dukan ne.

Wata rana Inna Delu ta ce, "Kaɗaici zai kashe shi, sai an mayar da shi wurin uwarsa. Ja ne ke jawo su. Ka shafa masa shuni, yadda ba za su ga ya bambanta da su ba." Na dawo daga gidan suna na tarar da tsakar gida shuɗi, ƙwaryar wanki shuɗi, hannayen Nomau shuɗi har gwiwa. Shunina da nake adanawa don farin zanena ya ƙare ƙaf, ga 'yan tsaki tara suna shan rana, kowanne shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Na ɗora hannu a ka na ce, "Na shiga uku! Ɗaya aka ce maka!" Ya ce, "Na shafa wa ɗaya, Yaya, sai na ga ya ƙara bambanta. Inna Delu ta ce kada su ga bambanci."

Ihuna ne ya fito da Inna Delu. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ce, "Kande, rufe bakinki ki duba." Na duba. Mai ciwon na tsakiyar 'yan'uwansa yana tsattsagar tsaki, ba wanda ya kula shi. Ni kaina sai da na ɗaɗɗaga su kafin na gane shi. Shirwar da ta addabi unguwa ma ta yi shawagi a kan gidanmu washegari, ta wuce ba ta sauko ba, don ba ta gane 'yan tsaki ne ba. Matan da suka kalli dukansa su ne suka riƙa aiko masa da 'yan tsakinsu ya rina musu.

Bayan kwana uku, da hantsi, ina tankaɗe, sai ga Nomau ya fito daga ɗaki da ƙulli a hannu. Ya tsuguna gabana ya ce, "Yaya, tunda bai mutu ba, in kwance kayana?"

Na ce, "Wane kaya?"

"Na gidan Kawu."

Wallahi na manta na faɗi maganar. Na karɓi ƙullin na kwance: rigunansa biyu, hular nan ta gayya ya wanke ta, da tsohon ɗankwalin Inna. Kwana goma sha shida ƙullin na bayan ƙofa, kullum da safe yana leƙa kwando ya ga ko yau ce ranar tafiyarsa. Hawayena suka ɗiga cikin garin da nake tankaɗewa. A karo na farko na auna magana kamar yadda Inna take yi. Na ce, "Nomau, ko ɗan tsako ya mutu, ko ya rayu, nan ne gidanka. Ba za ka je ko'ina ba."

Ya ce, "Ko rijiya, Yaya?"

Na ce, "Rijiya za ka je, amma ka dawo."