Ranar da Iya Ruwan Sanyi Ta Tafasa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba. Shekarar da na aurar da autata ce, damina ta kwashe mana katangar baya, ana gab da hana acaɓa a Kano. Lokacin ina sayar da tuwo da miyar kuka a ƙofar wani kamfanin jima a Challawa. Ban yi boko ba, amma fuskar ɗan Adam kam na haddace ta. Mutum ya doso rumfata, daga yadda ya cire takalmin robarsa na san ko foman ne ya zage shi ko da rigimar gida ya fito.

Ma'aikatan nan kuwa, jiniyar hutu na kaɗawa za su fito da yunwa da warin fata, abu kaɗan sai dambe. Ni ce mai raba faɗan. In ce wa wannan zauna ka sha ruwa, wancan je ka yi alwala ka dawo, kafin tuwo ya huce sun shirya. Har suna suka sa mini, Iya Ruwan Sanyi (ban hana ba, jikokina ma ni na koya musu).

Labari ya kai kunnen manaja. Ya aiko cewa zai ba ni rumfa a cikin kamfani, ga famfo ga inuwa, in huta da ƙurar tireloli. Sharaɗi ɗaya: in yi wa ma'aikata nasiha a kan fushi, shi ma zai zo ya ji.

Ranar na ɗaura atamfar bikin autata. Na tsaya bayan tukunya, ludayi a hannu, ina zuba miya ina zuba hikima. Manaja na zaune a benci cikin farar shadda.

Na ce, “'Ya'yana, fushi ba ya shigowa sai ya yi sallama. Kunne zai ɗau zafi, hannu ya fara ƙaiƙayi. To kafin ka ɗaga hannun nan, dubi fuskar ɗan'uwanka ka ce masa, lafiya?”

Aka ɗauka, “Allah ya ƙara wa Iya basira!” Manaja na gyaɗa kai. Ni har na fara tunanin inda zan jera kwanuka a sabuwar rumfa.

Sai layi ya zo kan Ilu, wani magidanci daga wajen Maraɗi da ke ɓangaren wankin fata, mutum mara hayaniya. Ya karɓi kwano, ya kai hanci, ya shaƙa. Sai ya yamutsa fuska, ya ture kwanon, ya toshe hanci da baki da hannun riga, ya juya mini baya.

Miyata! A gaban manaja! Kunnena ya ɗau zafi (wallahi ya yi sallamar, ni ce ban amsa ba).

“Kai ɗan nan! Mai warin jima ne zai toshe wa miyata hanci?”

Ban san sanda ludayin ya bar hannuna ba. Shi ya sauka a gadon bayan Ilu, miyar da ke ciki kuma ta zarce. Kuka ba ta tafiya ita kaɗai, da yauƙinta take tafe: tun daga hular manaja har aljihun gaban riga.

Ilu ya juyo, hawaye shaɓe-shaɓe.

“Iya, ku yafe ni. Jiya aka bugo mini inna ta rasu, ban samu jana'iza ba. Ƙamshin daddawarku ne, sak tata.”

Ni mai haddar fuska, ban iya raba fuskar raini da ta maraici ba. Ina tsaye kamar an dasa ni, sai wani ɗan banza daga baya ya ce cikin ladabi, “Iya, ku zauna ku sha ruwa.”

Na kuwa zauna. Aka kuwa kawo ruwan, na sha.

Manaja ya goge hularsa a hankali, ya ce, “Hajiya, mun ji nasiha, mun kuma ga misali.” Rumfar aka bai wa wata mata daga Panshekara, wadda miyarta da ruwan wanke-wanke ba su da maraba. Sunana kuma ya koma Iya Ludayi.

Abin da na koya shi ne, raba faɗa yana da sauƙi matuƙar ba miyarka aka taɓa ba. Tun ranar, in zan yi nasiha sai na fara ajiye abin da ke hannuna.

Manaja ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tayar mini da maganar shaddar ba. Kamfanin ya zama sito. Daga mutanen ranar saura ni, sai ɗan banzan da ya ba ni ruwa, yana tuƙa adaidaita a Dakata, sai Ilu a Zawaciki. Duk Sallah yana zuwa cin tuwo, kuma kafin ya kai hanci sai ya ce, “Iya, lafiya ƙalau nake, shaƙawa kawai zan yi.”