Afrilun da Na Zaɓa wa Mama Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kai ni inda ƙafata ba ta taɓa takawa ba. In ka ga dama kada ka yarda, amma ni ɗin nan da ko fasfo ban taɓa riƙewa ba, na daɗe ina zaman masanin tsibirin Zanzibar a ofishinmu na Abuja. Manya da digiri suna jan kujera su zo su saurare ni.

Riga ce ta jawo komai. Wani tsohon ogana ya je hutu can, ya kawo mini tsarabar riga mai hoton bishiyar kwakwa, da sunan tsibirin ɓaro-ɓaro a ƙirji. Da aka mayar da ni ofishin Abuja na sa ta wata rana, wani ya tambaye ni ko na taɓa zuwa. Maimakon in ce a'a, sai na ji bakina ya ce, "Wane zuwan daga ciki, na farko ko na biyu?" Shi ke nan, na shiga kallon bidiyo a waya ina haddacewa, da safe in zo in juye musu da ƙarin gishiri. Yashi fari kamar fulawa. Ruwa shuɗi garau, kana tsaye kifi zai zo ya gaishe ka ya tambayi mutanen gida. (Babban ruwan da na taɓa shiga shi ne tafkin Jabi, a kwalekwale, kuma na ƙanƙame mai tuƙin har ya ce in sake shi ko mu nutse tare.) Suka raɗa mini suna Oga Tsibiri, ni kuma ina amsawa har da gyara kwala.

Kowa ya ɗauki labarina abin kashe lokaci, ban da Mama Rifkatu. 'Yar Filato ce, ta girme mu duka, teburinta na manne da nawa. Lokacin da na zo Abuja ban san kowa ba, ita ta nemo mini ɗaki, ita ke raba kular gwatenta biyu ta turo mini rabi. Ba ta taɓa ganin teku ba. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ta ajiye tabarau ta ce, ɗana, ƙara ba ni labarin ruwan nan. Ni kuma in buɗe famfo.

Da ritayarta ta matso, 'yarta Saratu, malamar makaranta, ta ce ita da ƙannenta za su kai ta duk inda take so. Mama ta ce ba ta da wani wuri sai tsibirin ɗanta, wato ni. Saratu ta sa Agusta, lokacin dogon hutu. Mama ta zo ta same ni da murnarta, tana so in sa albarka.

Na riƙe kai kamar an yi mini rasuwa.

"Agusta, Mama? Tsakiyar damina? Nan Abuja ma wa ke shanya kaya a Agusta ya tafi kasuwa? Balle tsibiri, ruwa sama ruwa ƙasa."

Na ce ta bari sai bazara, Afrilu, wajen hutun Ista, lokacin da rana ke fitowa tas babu ko ɗigon girgije. Na rantse a watan na je, har fatar wuyana ta saɓule. Lissafina mai sauƙi ne: sama ɗaya ce, in tana zuba a Abuja to tana zuba ko'ina, in ta ɗauke mana ta ɗauke wa duniya. Ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ba ta bin kalandar manoman Yangoji na nan gefen Abuja ba.

Mama ta ce a hankali idon nan ya fara yi mata rowa, likita ya ce hawan jinin ido ne, shi ya sa take son a tafi da wuri. Ka san abin da na ce? Na ce shuɗin ruwan nan ko ido a rufe sai ya shiga. Ta yi dariya har da tafa hannu. Daga baya na ji Saratu ta yi ta gardama a gida, ta ce abin da ta karanta daban ne, Mama ta ce ba za ta bar maganar wanda ya je da ƙafarsa ta bi ta waya ba.

Aka yi mata walimar sallama, ta koma gidanta na Ushafa. Muna gaisawa a waya jefi-jefi, kullum sai ta ce tana nan tana jiran Afrilu. Ba ta ƙara ta da maganar ido ba, ni ma ban tambaya ba.

Da na ji sun je sun dawo, na kwashi abokan aiki biyu ranar Lahadi muka nufi Ushafa. Kuma don Allah ya nuna mini iyakata, rigar na sa. Mun tarar da falo cike da matan zumunta, an taso daga coci an zo yi mata sannu da zuwa. Tun daga bakin ƙofa na ɗaga murya ina tambayar tsarabata, ina cewa yau dai Mama ta ga ruwan da nake ba ta labari, a yi mini shaida.

Babu wadda ta yi dariya. Mama na zaune a kujera, ta juyo da fuskarta, amma ba inda nake tsaye ba, can gefen labule. Ta miƙo hannu tana lalube.

Saratu ce ta yi bayani, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini. Ta ce tun da suka sauka ruwa ake yi har suka taso. Bazararmu ita ce babbar daminarsu, Agustan da na hana kuwa lokacin ne sama ke washewa baƙi su cika wurin. Tekun ya yi toka-toka kamar ruwan wanki, masu kwalekwale sun ɗaure abinsu. Ta ce a Agusta Mama da kanta take karanta Littafi Mai Tsarki, bayan Kirsimeti idon ya tafi da sauri, kafin Afrilu sai inuwa-inuwa. Wata safiya ta riƙe mata lema ta kai ta bakin ruwa, Mama ta tsaya tana sauraron igiya, ta tambaye ta ko shuɗi ne. Ta ce mata e, shuɗi ne.

Sannan ta dube ni daga rigar har takalmi, ta ce tana so in gaya wa iyayen nan wane Afrilu ne na je rana ta saɓule mini wuya.

Ni da ban taɓa rasa amsa ba, na buɗe baki zan ɗora wa sauyin yanayi. (Wallahi har na fara, "Ai kin san duniyar yanzu...") Sai na ga hannun Mama har yanzu a miƙe yana nemana. Na ce ban taɓa zuwa ba, rigar ma tsaraba ce. Wata tsohuwa ta ja tsaki mai tsawon titin filin jirgi. Abokan aikina suka shiga ƙirga tayil.

Tun ranar na ajiye sarautar. Ko tambayata aka yi a ɗauki lema ko a bari, cewa nake Allah ne masani. Rigar kuwa da ita nake goge takalmi. Amma ba tsakin tsohuwar ba ne ya rufe mini baki, ba kuma kallon Saratu ba.

Mama ta ce in matso. Na durƙusa a gabanta, ta shafa kaina, ta gangaro ƙirjina, yatsunta na bin rubutun rigar harafi-harafi. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Oga Tsibiri, tunda kai ke raba wa mutane watanni, gaya mini wane wata ne idona zai dawo, in fara haɗa jaka."