Ranar Da Na Shiga Aji Da Kai Kawai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka haska bidiyona na farko ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Azare ba za su bar ni ba.

Ina koyar da ajiye lissafin kasuwanci a wata 'yar makarantar yamma. Ɗalibaina ba yara ba ne: masu shaguna ne, da masu sayar da hatsi, da matan da ke sana'a a gida. Matsalar ita ce da zarar damina ta faɗi sai ajin ya watse. Na Gadau da na Giade su tafi gona, ni kuma in tsaya ina yi wa benci bayanin riba da faɗuwa. Mai makarantar ya gaji, ya ce in ban samo mafita ba zai rufe ajin ya mayar da ɗakin wurin koyon ɗinki. Ni kuwa ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba, kuma da wannan ajin nake cefane.

Sai dabara ta zo mini: in ɗauki darussan a bidiyo, a tura wa kowa a wayarsa, ya kalla ko yana gindin bishiya a gona. Alhaji Sule, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar da yawancin ɗalibaina ke ciki, ya ce in abin ya yi masa zai sa mutanensa duka su yi rajista. Nan fa bakina ya yi mini aiki. Na ce masa, “Alhaji, ba irin bidiyon da ake ɗauka a bayan gida kaji na kuka ba ne. Za ka gan ni a ofis mai gilashi, kamar manajan banki.” (Ofishina na gaskiya tebur ne mai ƙafa uku da rabin bulo.)

Wanda zai haɗa mini aikin shi ne Emeka, mai shagon waya a bakin kasuwa, haifaffen Azare wanda in yana Hausa ba ka cewa ba Bakatagume ba ne. Ya turo mini saƙon murya mai tsawo. Farkonsa ya ce in sami koren ƙyalle in rataya a bayana, shi kuma zai cire koren a kwamfuta ya sa hoton ofis. Ina jin haka na kashe saƙon. Ni malami ne, ba na buƙatar a maimaita mini abu. Sai daga baya na gane cewa rabin da ban saurara ba shi ne mai muhimmancin.

Na sayo koren yadi, na kafe shi da ƙusa a bangon ɗaki, sai na ga ya yi saura da yawa. To, mutumin da kullum yake gaya wa ɗalibai cewa ɗan kasuwa ba ya barin kaya su kwanta a banza, ai ba zai jefa yadi a ƙarƙashin gado ba. Na kai wa tela ya ɗinka mini kaftani da wando. Da na saka na tsaya gaban bangon, wallahi ni kaina na burge kaina. Na yi anko da bango!

Matata ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa. “Malam, kai da bangon ne za ku biki?”

“Ba za ki gane ba,” na ce. “Wannan shi ake kira tsari.”

Na ɗora hulata mai zanen kore da ruwan ƙasa, na jingina waya a kan tukunya, na zuba darasi. Abin da ya shigo a rubuta a hagu, abin da ya fita a dama. Ina nuni da hannu, ina kai da komo, har da kurɓar shayi irin na manyan mutane.

Ranar da za a haska, da hantsi, Emeka ya kira ni. “Malam, akwai matsala. Ka zo shago ka gani da idonka.”

“Murya ta fita?”

“Ta fita.”

“Ofis ya fita?”

“Ofis kam ya fita fiye da yadda kake so. Amma kayan da ka saka...”

Na katse shi. Na ɗauka zai ce kaftanin bai sha guga ba. “Emeka, ni na san aikin da na yi. Ka sa ofis ɗin, ka kawo shi da la'asar.”

Ya ce, “To, Malam. Kai ka ce.”

Bayan la'asar aji ya cika fiye da yadda na taɓa gani. An aro babbar talabijin, an tayar da janareta. Alhaji Sule yana kujerar gaba, mai makarantar a gefensa. Ni kuma na tsaya a baya na harɗe hannu, ina jiran yabo.

Ofis ya bayyana, mai kyau, da gilashi da furanni. Sai ga kaina ya shigo daga gefe, shi kaɗai, ba wuya ba kafaɗa, yana yawo a iska kamar balan-balan, yana murmushi. Ya ce, “Assalamu alaikum, ɗalibai.”

Malam Buba, wani dattijo mai sayar da gero daga Gadau, shi ne ya fara ja da baya da bencinsa yana a'uziyya.

Kwamfutar Emeka ba ta san bambancin bango da malami ba. Duk abin da yake kore ta kwashe. Hatta hular ba ta tsira ba, ta zama huji-huji, ana hango furannin ofis ta tsakiyar kaina. Sai tafin hannuna biyu suka fito daga babu, ɗaya ya yi hagu wai abin da ya shigo, ɗaya ya yi dama wai abin da ya fita. Da na sa su a aljihu suka ɓace. Da alli ya faɗi na sunkuya, kan ya nutse ƙasa a hankali, sannan ya sake ɓullowa yana cewa, “Kamar yadda kuke gani, komai a bayyane yake.”

A nan ajin ya fashe. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kifa kai a kan tebur tana bubbuga shi. Mai makarantar ya rufe fuska da hula. Ni kuwa kunya ta kama ni har cikin ƙashi, na yi fatan a ce bangon ajin ma kore ne in jingina da shi in ɓace da gaske. Na lallaɓa zan kashe talabijin, Alhaji Sule ya ɗaga hannu.

“Bar shi, Malam. Ina so in ga inda shayin nan yake zuwa.”

Haka aka kalle shi har ƙarshe, ina tsaye ina zufa, ina lissafin inda zan koyi ɗinki. Da aka gama Alhaji ya share hawaye da bakin rigarsa, ya juya ga Malam Buba. “Abin da ya shigo, ina ake rubuta shi?”

“Hagu, Alhaji. Ai hannun nan ba zai fita daga raina ba.”

Alhaji ya gyaɗa kai. “To, za mu yi rajista. Amma Malam, a darasi na gaba don Allah ka zo da sauran jikinka.”

Ajin bai rufe ba. Sai dai kafin magariba bidiyon ya riga ni isa unguwarmu, har wani ɗan'uwana a Katagum ya kira yana tambaya ko lafiya. Yanzu ina sauraron saƙon murya har ƙarshensa ko da na mai tallar magani ne, kuma ba na nuna wa jama'a abin da ban fara kalla ni kaɗai ba. Kaftanin kuwa na ba shi hutu, sai wata Juma'a na ce ai an manta, na saka shi. Ina fitowa daga masallaci Malam Buba ya tare ni, ya kama hannun rigar ya murza, ya shafa kafaɗata sosai.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Yau Malam an zo gaba ɗaya.”