Jar Motar Tasi'u a Ƙofar Gidan Malam Mudi

A majalisarmu ta bakin kasuwar Funtuwa babu wanda jar motar Tasi'u ba ta taɓa yasarwa a hanya ba. Ni ranar da na ɗinka sabuwar shadda ta zaɓa ta yi mini, shi ya sa har gobe ba ma ga maciji da ita.

Motar kwatano ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ƙasa-ƙasa da ita, in za ka shiga sai ka sunkuya kamar mai leƙa akurki. Dillalin da ya sayar masa ya rantse wata tsohuwa ce a Turai take zuwa cefane da ita. To, ko wace tsohuwa ce, ta ci kasuwanni, domin kujerar direba ta lotsa, sitiyari ya goge har yana sheƙi. Baƙin mai take sha kamar fetur. Lagireto na yoyo, saboda haka jarkar ruwa ce ke zama a gidan gaba, kai fasinja ka rungume ta. Fitilun gargaɗi da ke kunnuwa a gaban direba kuwa, Tasi'u ya yi maganinsu gaba ɗaya da baƙin salatif. Babban halinta shi ne in ta ɗau zafi aka kashe ta, ba ta ƙara tashi sai ta huce, kuma ita kaɗai ta san lokacin hucewarta. Amma in ta ga dama ta tashi, ƙararta har bayan gari.

Ƙarar nan ce ta jawo masa. Tasi'u na neman auren Barira, ma'aikaciyar jinya, sun daidaita kansu tsaf. Sai labari ya kai wa mahaifinta, Malam Mudi, tsohon hedimasta, cewa yaron nan motar tsere yake hawa. Malam ya ce shi bai raini 'yarsa don a je a watsar masa da ita a hanyar Zariya ba, kada ma a turo masa kowa. Tasi'u ya rame, wallahi har tausayi ya ba ni. Da ƙyar mahaifiyar Barira ta shawo kan Malam ya yarda yaron ya zo ya gan shi.

Muka ce masa ya hau acaɓa ya tafi. Ya ce mutuncinsa ba zai bari ba. Ya wanke mota, ya taka ta da rana tsaka, ya isa tana huci, ya kashe ta a ƙofar gida.

A zaure ya durƙusa, kansa a ƙasa. Malam Mudi bai ja zance ba.

"An ce mini motarka tana gudu ƙwarai."

"Baba, mutane ne da ƙari."

"Ni ma haka na ce. Amma an ce agogon gudunta ya kai ɗari uku. Tashi mu je in gani, daga nan sai ka wuce. Maganar Barira kuma ka yi haƙuri."

Ka san ba a saba uban yarinya ya raka saurayi ba. Ga Malam tsaye a kansa, hannu a baya, Tasi'u ya lanƙwashe ya shiga, ya ce a huta lafiya, ya murɗa makulli. Mota ta ce ƙyat. Ya sake murɗawa, ta sake cewa ƙyat. Kunya ba ta bar shi ya zauna babba na tsaye ba, sai ya fito ya durƙusa a gefen taya.

Maƙwabta suka taso za su tura. Tasi'u ya ce a bari, otomatik ce, ba ta tashi da turi.

"To da me take tashi?" in ji Malam.

"Sai ta huce, Baba."

"Wa ya ɓata mata rai?"

Babu wanda ya yi dariya, don Malam bai yi ba. Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna yana kallo. Tasi'u ya buɗe bonet, ya ɗura ruwa, ruwan ya biyo ta ƙasa ya gangaro wajen takalmin Malam, Malam ya ɗage ƙafa. Aka kira la'asar, suka je masallaci tare suka dawo. Tasi'u ya sake sallama, ya shiga, ya murɗa, ya fito ya durƙusa. Daga cikin gida aka aiko masa da kunun aya. Wata akuya ta zo ta kwanta a inuwar motar, ba wanda ya ga dalilin korar ta.

Can Malam ya ce, "Kullum haka take?"

Tasi'u ya so ya yi ƙarya, ya ga ba wurinta. "Yawanci, Baba."

Malam Mudi ya daɗe yana duban motar, sannan ya miƙe ya naɗe babbar rigarsa.

"An zalunce ka, yaro. Ka turo manyanka."

Daɗi ya kwashe Tasi'u har ya manta a gaban wa yake.

"Allah ya ƙara girma, Baba! Wallahi zan kai ta gareji a yi mata aiki sosai. Ranar biki a cikinta abokaina za su zo ɗaukar amarya."

Malam ya juyo daga bakin zaure.

"A'a, su zo a ƙafa. Ranar muna sauri."