Ranar da Kwamfuta Ta Mayar da Fuskata Ƙosai

Jiya da hantsi na ɗora keke a kan keke. Wato keken ɗinkina na sa a Keke Napep, na rungume shi kamar mara lafiya muka nufi gida a unguwar Majidaɗi, bayan motar rusau ta gama da rumfar da na shekara ashirin da uku ina ɗinki a cikinta. Ba sata na yi ba, jama'a, ban kuma zagi kowa ba. Hotona ne ya yi nauyi.

Wata uku da suka wuce aka tara mu, teloli da masu gyaran takalmi na bakin titi, aka ce za a tashe mu, amma kada kowa ya damu, an gina mana shaguna. Mai Girma Sarkin Yanka Kintinkiri da kansa ya zo, da motoci tara, da wani almakashi da ko ni da nake sana'ar ban taɓa riƙe irinsa ba. Ya ce zamanin ɗan wane da ƙanin wane ya wuce, yanzu ta intanet kowa zai cika fom, ita kwamfuta ba ta da ɗan'uwa. Muka yi ta tafi. Ni har da miƙewa tsaye, Allah ya yafe mini.

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, washegari na kwashi takarduna, ni da maƙwabcina Tobias mai gyaran takalmi, muka tafi shagon Madam Dokas a unguwar Sarkin Dawaki, inda ake buga takardu da cika fom. Kwana goma muna sintiri shafin cika fom ɗin bai buɗe ba. Ranar da ya buɗe, abu na farko da ya fara saukowa hoton Mai Girma ne. Daga hula ya faro, a hankali a hankali, kamar ana sauke buhu daga mota. Minti huɗu muka yi kafin mu ga haɓarsa.

Madam Dokas ta ɗauke ni hoto da wayarta, na gyara hula, na ɗan yi murmushin mai shago. Ta tura, shafi ya yi ja, ya ƙi karɓa.

Ta ce, "Baba Tela, hoton ka ta yi nauyi. Sun ce kar ya wuce kilobait ashirin, naka dubu uku ne."

Na ce, "'Yata, ni da iska ke neman ɗauka a bakin titi, yau ni ne mai nauyi?"

Ta ce ba ni ba, fayil ɗin. Sai an matse shi. Ta bayyana mini cewa in ana matse hoto, kwamfuta tana zubar da ƙananan abubuwan da take ganin ido ba zai lura da su ba, kuma abin da ta zubar ya tafi ke nan. Na ce na gane, kamar rage riga ne, yadin da ka yanke ba ya komawa.

Ta matse sau ɗaya, furfurata ta ɓace, na ce wannan alheri ne. Ta sake matsewa, zanen hulata ya tafi. A karo na uku hancina ya haɗe da kumatu. Da ta kai shi kilobait goma sha tara, abin da ke kan allon nan ƙosai ne aka sa masa hula. Takardar shaidar sana'ata kuwa, da aka matse ta, rubutun ya koma kamar sawun tururuwa a kan yashi. Shafi ya yi kore, ya karɓa da murna.

Tobias ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, wannan ni ne ko kai ne?" Da aka gama nasa muka jera su. Wallahi ko uwar da ta haife mu ba za ta raba ba, ga shi kuma ba uwa ɗaya ta haife mu ba.

Na tambayi dalilin wannan ƙa'ida. Madam Dokas ta ce wai rumbun ajiyar kwamfutarsu ne ƙarami. To, madalla da tsimi! Mutanen da suka ci kaji a bikin buɗe shafin har aka rasa inda za a zuba ƙashi, su ne suka rasa wurin ajiye hancin tela.

Bayan mako biyu aka kira mu tantancewa a wani ofis. Muka sha rana tun safe har azahar kafin in isa gaban Rankai-daɗe Mai Tambari. Ga kwamfuta a teburinsa an lulluɓe ta da leda, an ɗora kwanon abinci a kai. Ashe duk abin da muka tura buga shi suka yi a takarda, da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. Ya dubi takarda, ya dube ni.

Ya ce, "Malam, wannan ba kai ba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne, matse ni aka yi."

"Ina hancin?"

"Ga shi na zo da shi, ranka ya daɗe. Ga kuma takarduna na asali, ka duba."

Ya ɗaga hannu kamar na miƙa masa garwashi. "Mun daina karɓar takarda a hannu, an ci gaba. Ka koma ka sake turawa."

Gaba damisa, baya siyaki. Na koma wurin Madam Dokas, baiwar Allah ta ajiye abincin da take ci. Ta tsayar da ni jikin farin bango, ta ce in cire hula, ta yanke hoton daga goshi zuwa haɓa, takardar kuma ta mayar da ita baƙi da fari. Sai ga ni tsaf, da hancina da komai, a kilobait goma sha takwas. Ta danna turawa, shafi ya ce an rufe tun ƙarfe sha biyu. Mu da aka tantance da azahar! Ta juyo ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, da na san wannan dabara tun farko." Na ce ita ba ta da laifi, ba ita ta kar zomon ba, ko ratayar ma ba a ba ta ba.

Da sunaye suka fito, ni da Tobias muka bi su da yatsa daga sama har ƙasa. Shago sittin, babu mutum uku da muka taɓa gani riƙe da allura ko guduma. Lallai kwamfuta ba ta da ɗan'uwa, amma da alama tana da surukai. Tobias, mai 'ya'ya biyar, ya ce zai koma ƙauye noman doya. Bai yi dariya ba da ya faɗa, ni ma ban yi ba.

Yanzu a zauren gidana na kafa keke. Yau da safe wata mota ta tsaya a ƙofa, sai ga Rankai-daɗe Mai Tambari da wanduna uku a leda, wai an yi masa kwatancen wani tsohon tela mai hannu, yana so a buɗa masa ƙugu da inci biyu biyu. Na durƙusa ina awo, ya ƙare wa zauren kallo ya girgiza kai.

Ya ce, "Baba, mai sana'a irinka a zaure? Me ya hana ka neman shago? Mun yi ta cigiyar teloli, amma mutanenmu ba sa son ci gaba."

Allah ya taimake shi, allurai uku ne a bakina.